Motar da ta bar Faisal a Jidda

Hadiza da Mustafa, kun tashi kuna jin magana ɗaya a gidan nan, wai mota ce ta raba ni da yayanku Faisal. Wai faɗa muka yi a kanta, na yi zuciya na kwaso ku muka dawo Katsina na bar shi a Jidda shi kaɗai. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, kuma ban taɓa tsayawa na ƙaryata ba, don ni ba mai yawan bayani ba ne, kun sani. Yanzu da ciwon baya ya zaunar da ni a zaure, lokaci har ya yi mini yawa, bari in rubuta muku yadda aka yi da ɗan rubutun da na iya. Mota kam tana ciki. Faɗa ne babu.

Kuna ƙanana lokacin, ba lalle ku tuna Ammu Salim ba. Dattijon Balarabe ne mai warsha, wato gareji, a bayan unguwar Hindawiyya, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wajen hukuma, tun ina da baƙin gemu. Iƙamata, takardar zaman ƙasa, a hannunsa take, ta Ummanku da taku duka a jikin tawa suke rataye. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan shayi, don ya ce ni ban iya sa sukari ba, zubawa nake yi. Da Allah ya karɓi ransa, 'ya'yansa suka zo da sabbin takalma suna tsallake baƙin mai a ƙasa, suka ce za su rushe wurin su gina bene. Ba su wulaƙanta ni ba, in faɗi gaskiya. Sun ce ko in nemo wani kafili su mayar da ni hannunsa, ko su buga mini fita ta ƙarshe, wato bizar barin ƙasar ba dawowa. Na zauna na dubi kaina. Motocin da na sani, masu kafireta, waɗanda nake kwancewa ido a rufe, sun ƙare a titi. Abin da ake kawowa yanzu duk waya ce da akwatin lantarki, sai an jona masa kwamfuta ya faɗi ciwonsa. Wane kafili ne zai ɗauki tsohon bakanike mai ciwon baya? Ga shi na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Na ce su buga.

Saura Faisal. Shi ya riga ya kai shekarun da ba zai ci gaba da rataya a jikin takardata ba. Ko ya samu kafilin kansa kafin ranar tafiyarmu, ko ya hau jirgi tare da mu. A Jidda aka haife shi, a can ya yi rarrafe, bai taɓa ganin Katsina ba sai a hoton bikin ƙanwar Ummanku. Hausa yana ji sarai, amma in zai mayar maka da amsa sai ya haɗa da Larabci kamar mai haɗa shinkafa da wake. A hannuna ya koyi riƙe sifana, tun bai kai tsawon taya ba. Da ya zama saurayi sai ya fara ƙin zama a warsharmu, yana zuwa can unguwar garejoji wajen samari masu ƙara wa mota gudu. Ban hana shi ba, ban kuma ce masa sannu ba. Kun san ɗan fari ne. Ko sunansa a takardar nan kawai nake iya rubutawa kai tsaye, a baki sai in ce “kai”, Ummanku ta ce “yaron nan”. Larabawa kuwa ba ruwansu, tun daga bakin titi za su ƙwala mini “Ya Abu Faisal!” in ji kamar in nutse. Ku da kuka ga ba na wasa da shi yadda nake yi da ku, kuka ɗauka ban damu da shi ba. Ba haka ba ne. Mu haka aka rene mu.

A cikin samarin can akwai wani Bandar, ɗan ƙasa, wanda ya buɗe warsharsa sabuwa yana neman hannu. Yana da wata farar mota ƙirar Japan mai turbo, ita ce abin alfaharinsa. Ya sayo wata na'ura ta hannu a kasuwar gwanjo, a cikin leda, ba kwali ba takarda, ya miƙa wa yayanku ya ce ya ɗaura mata. In allurar agogon motar ta hau inda yake so, zai karɓi kafalarsa. In ba ta hau ba, ma'assalama, akwai wani Bafilipine da ke jiran gurbin.

Dole in yi muku bayanin abin nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa wa inji iska. Iska ta yi yawa, ƙarfi ya yi yawa. To don kada ta yi yawan da za ta fasa inji, akwai wata 'yar ƙofa a jikin turbon da ke buɗewa ta saki hayaƙi. Iskar da kanta ce ke bin wani siririn tiyo ta je ta tura ƙofar. Na'urar Bandar kuwa abu biyu ce: ɗan akwati mai maɓallin murɗawa a gaban direba, da bawul mai aiki da lantarki da ake yanka tiyon nan a saka shi a tsakiya. Aikinsa ya yaudari ƙofar ta jinkirta buɗewa. Ka murɗa maɓalli, allurar agogon iska ta ƙara hawa, mota ta ƙara hauka. Shi ke nan, babu wani sihiri.

Yayanku ya ɗaura, aiki mai tsabta, ba na raina masa. Amma allura ta hau ta tsaya inda take tsayawa tun kafin a sa na'urar. Ya murɗa kaɗan, nan take tsayawa. Ya murɗa da yawa, nan ɗin dai. Ya kwance ya sake ɗaurawa, ya canja wayoyi, ya tambayi duk wanda ya sani. Kwanaki suna tafiya, mu kuma a gida an fara ɗaure kaya. Kullum zai dawo bayan magariba fuska a murtuke, ya ci abinci kai a ƙasa. Kai Mustafa, da bakinka da ba ya rufuwa, har kana tsokanarsa wai zai je Katsina a sa shi kiwon awaki, ya jefe ka da filo.

Ummanku ba za ta iya buɗe baki ta ce tana son ɗanta na fari ya biyo ta ba. Kunya ba za ta bar ta ba. Sai dai ta zagaya. Wata rana tana naɗe zannuwa cikin akwati, ba ta ko dube ni ba ta ce,

“Na ji an ce motar mutane ta ƙi.”

“Ta ƙi,” na ce.

“To, Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

Ta danna akwatin da gwiwa ta ja zif. Can kuma ta ce,

“Malam, bayan nan naka fa ba ya son sunkuyo. Kada ka je kana wahalar da kanka a kan motar da ba a kawo maka ba.”

Na gane abin da take nufi, ita ma ta san na gane. Kuma in gaya muku gaskiya, zuciyata tana wajenta. Har na riga na gama gini a kaina: ɗan fili a bakin hanya a Katsina, rumfar kwano, ni ina zaune a benci ina nuni da baki, shi yana ƙarƙashin mota. Don haka ban tambaye shi komai ba. Na bar motar tana ƙi, ina jin daɗin ƙin nata a ɓoye.

Ran wata Juma'a da safe, na dawo daga masallaci da burodin tamis da wake, na tarar da shi zaune a matakalar bene yana jirana. Ya karɓi ledar daga hannuna, abin da bai saba ba. Ya yi ta murza kai kafin ya yi magana.

“Baba, motar tana warsharmu. Na kawo ta jiya. Zo ka gani, bas, gani kawai. Ba sai ka taɓa ba.”

“Ni me na sani a akwatin Japan? Ka je wajen masu kwamfuta mana.”

“Na je. Kullu wahid da maganarsa. Wannan ya ce waya, wancan ya ce turbo ta mutu.” Ya ɗago ya dube ni. “Ba lantarki ba ne, ya Baba, na tabbata. Iska ce. Kai ka san iska.”

Rabon da yaron nan ya nemi wani abu a wajena har na manta. Na ce masa in mun karya ma leƙa. Ummanku tana zuba shayi ta ji mu, sai ta cika mini kofi har ya zuba a faranti.

Warsha ta zama kango lokacin. An kwashe injin ɗaga mota, an sayar da kwampireso, sai tsofaffin tayoyi da akwatin kayan aikina da ban riga na ɗaure ba. Farar motar tana tsakiya kamar amarya a gidan da aka tashi. Na sa hannu a baya na zagaya ta, na ce ni kallo na zo yi. Ban kai ga gama zagayen ba na ji kaina ina cewa ya buɗe bonet.

Na bi da shi yadda na saba bi da kowace mota, daga abu mai arha zuwa mai tsada. Na ce ya nuna mini fis, lafiya lau. Wayar da ke kama jikin mota, ya kankare fenti ya ɗaure ta tam. Na ce ya kunna akwatin ya gwada bawul ina saurare, na ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ƙadangare a cikin kwano. Wato wuta tana zuwa. Na aike shi bayan gida ya kaɗo ruwan sabulu, muka shafe duk mahaɗar tiyo, ya taka totur, babu kumfa ko ɗaya.

“Wannan duk na yi,” in ji shi.

“Ka yi da idonka. Yanzu ina yi da nawa. Kawo famfon keke.”

“Famfon keke? Ya Baba, wannan mota ce ta tsere.”

“Ita ta gaya maka ba ta son famfon keke?”

Ya yi dariya ya ɗauko. Na cire tiyon ƙofar na jona famfo, na ce ya buga a hankali ina kallon sandar da ke tura ƙofar. Ta motsa sumul, na saki iska ta koma da kanta. Ƙofa ba ta da laifi. Sai na ce mu cire bawul ɗin daga hanya gaba ɗaya, mu haɗa tiyo kai tsaye yadda kamfani ya yi, mu zagaya unguwa. Allura ta hau ta tsaya daidai inda take tsayawa da na'urar. Na ce masa to ka gani, da akwatinka da babu duk ɗaya ne, yana ta ƙas-ƙas amma ba ya taɓuka komai. Laifin yana cikin bawul ɗin nan ko a bakinsa.

Muka dawo, ya kwanto shi daga bayan batir inda ya ɓoye shi saboda zafi. Ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba, da wayoyi biyu da baki uku. Baki ɗaya na tiyon da ke zuwa daga turbo, ɗaya na wanda ke tafiya ƙofa, na ukun a toshe. Ni ba ni da na'urar gwaji, bakina ne na'urata, da shi na ci abinci shekara da shekaru. Na goge bakin farko da gefen riga na hura, iska ta fita ta na biyu. Na ce ya taɓa wayoyin a kan batir. Ƙas, hanya ta rufe. Daidai. Sai na juya na kama bakin da ke zuwa ƙofa, wuta tana jiki, na hura. Kumatuna suka kumbura, kunnena ya toshe, iska ba ta je ko'ina ba.

Yayanku da ya ga haka sai ya saki wayoyin.

“Halas,” ya ce. “Ya mutu a ciki. Dama na yi zargi.”

“In ya mutu ba sai a sayi wani ba?”

“Mafi. Na zagaya ko'ina, babu irinsa a Jidda. Sai an yi oda daga waje, kafin ya zo kun daɗe da tafiya.” Ya gyara. “Mun daɗe da tafiya.”

Ya je ya zauna a kan taya, ya saki hannuwa tsakanin gwiwoyi. Can ya ce, yana ƙoƙarin murmushi,

“Baba, Katsina akwai bahar?”

“Babu teku a Katsina.”

“Turbo fa?”

Ni hankalina yana kan abin da ke hannuna. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini. Iskar da ta riga ta shiga tiyo tana tura ƙofa, in bawul ya rufe hanya a bayanta, ina za ta? In ba ta da mafita, tana nan a kulle, tana riƙe da ƙofar a buɗe. Ka murɗa maɓalli har ya karye, allura ba za ta hau ba. Na dubi baki na ukun nan. Tun safe idona yake wucewa ta kansa bai tsaya ba, saboda a wurina daidai yake. Guntun tiyo ne aka cusa masa, aka ɗura noti a ciki, aka ɗaure da siririyar waya, aka lanƙwasa wutsiyarta ciki don kada ta yanki hannun wanda zai zo daga baya. Ɗaurina ne sak. Duk Hindawiyya ba mai lanƙwasa wutsiyar waya haka sai ni. A motar kafireta, baki a buɗe masifa ne, inji zai riƙa shan iskar banza yana tari, don haka abu na farko da nake koya wa duk wanda ya tsaya a gefena shi ne kada ya bar baki a buɗe. Yaron da nake ganin ya watsar da duk abin da na koya masa ya tafi wajen masu kwamfuta, ashe da ya ga rami a bawul ɗin Japan, hannunsa bai yi shawara da kowa ba sai da ni. Bakin kuwa na numfashi ne. Bawul lafiyarsa ƙalau.

Ku fahimce ni da kyau a nan, don wannan ne wurin da labarin yake. Ba sai na yi ƙarya ba. Shi da bakinsa ya ce bawul ya mutu. Abin da kawai ake bukata daga gare ni shi ne in jefa shi cikin akwatin kayan aiki in ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, mu tafi masallaci. Da Ummanku ta samu ɗanta, da na samu rumfata ta kwano, kuma ba wanda zai taɓa sani har abada. Na tsaya da abin nan a hannu. Ina kallon ƙeyarsa, ga ɗan tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga kan bencin Ammu Salim.

Abin da ya hana ni shiru ba wani tsoron Allah mai yawa ba ne, kada in yi muku burga. Ni na yi rayuwata a garin da ba nawa ba, na san ɗanɗanonta. Na san yadda ake yi wa mutum dariya in ya buɗe baki, yadda kullum kai ne ake yi wa bayani a hankali kamar yaro. Faisal a Jidda takarda ce kawai ta ce shi baƙo ne, amma ƙafarsa ta san kowane lungu daga Bab Makka zuwa bakin teku, in ya yi mafarki da Larabci yake yi. A Katsina takarda za ta ce shi ɗan gida ne, kowa kuma ya kira shi Balarabe. Na ga ba zan iya ɗaukar abin da na sha in ɗora masa ba don kawai in samu mai miƙo mini sifana.

Na ce, “Kai. Wa ya toshe wannan?”

Ya ɗago. “Ni.”

“Wa ya ce ka toshe?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. “Kai mana.”

“Yaushe na ce?”

“Min zaman! Ina ƙarami. Har ka buge mini hannu, ka manta? Akwai wani ɗan abu a wurin da, amma ya ɓace a ledar. Na ga rami, na toshe.”

Na miƙa masa filaya. “Cire.”

“Baba, baki a buɗe? Kai?”

“Cire, na ce. Tsohonka ya san kafireta, bai san wannan ba.”

Ya warware wayar yana kallona, har yanzu yana jiran a buge masa hannu. Na ce ya mayar da wuta, ya sa bayan hannunsa a bakin ramin. Na hura. Na ga gashin hannunsa ya kwanta. Sai ya ce “La ilaha illallah,” sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, yana nuna ni yana nuna bawul, ya kasa magana. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba.

Muka mayar da komai. Ramin nan dai ya hana ni sakat, don ƙurar Jidda ba ta da mutunci, sai na yago ɗan soso daga tsohuwar kujera na ɗaura a bakin, iska ta fita, ƙasa kada ta shiga. Ya ce na yi ne don in samu barci. Na ce e, kuma ba ruwansa. Na buga bonet na ce yalla, tayar mu gani.

“Istanna, Baba. Tsaya.”

Ya shiga ya zauna yana murɗa maɓallin baya, yana murɗawa, kamar ba zai ƙare ba. Ya ce duk kwanakin nan da yake gwaji ya kai shi ƙarshe ya bar shi a can. Da bakin a toshe ba komai, amma yanzu in muka taka a haka ƙofa ba za ta buɗe ba sam, inji zai tashi a fuskarmu. Ni wallahi ban yi wannan tunanin ba. Da ta ni ce, da mun mayar wa Bandar da motarsa a cikin buhu. Na dube shi yana sauke abin har ƙasa, ya ce za mu riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan muna kallon allura. A nan ne hankalina ya ɗan kwanta. Na ce a raina, wannan ko ba na nan ba zai kashe kansa da ganganci ba.

Safiyar Juma'a titunan Jidda fayau suke. Muka fita ta hanyar kudu inda gidaje suka ƙare. Ya taka, allura ta tsaya a tsohon wurinta. Ya ƙara kaɗan ya taka, ta gota da kamar faɗin farce. Ya sake ƙarawa. A karo na gaba na ji wani fito daga gaba, kujera ta kama bayana, fitilun titi suka fara wucewa kamar ana jifa da su.

“Kai! Rage! Ina da ƙananan 'ya'ya a gida!”

“Ni ma ɗanka ne, ya Baba!”

“Shi ya sa na ce ka rage!”

Ya rage yana dariya, ido ya cika da ƙwalla, yana dukan sitiyari da tafin hannu. Ni kuma na juya ina kallon taga, don kada ya ga tawa fuskar.

Daga masallaci shi ya wuce wajen Bandar, ni na hau bene ni kaɗai. Dama na riga na yi wanka a warsha, na canja riga, na wanke hannu da omo, a zatona na gama ɓoye komai. Ummanku ta buɗe ƙofa ta dube ni, ba ta dubi hannuna ba. Ashe baƙin man tiyo ya zauna a gefen gemuna, alwala ma ba ta fitar da shi ba.

“Ka goge bakinka, Malam,” ta ce.

Ta koma kicin. Ba ta tambaye ni ko motar ta gyaru ba. Wannan shi ne faɗan da kuke tunawa, kuma ba da yayanku aka yi shi ba. Daga ranar har muka hau jirgi, Ummanku ba ta yi mini maganar da ta wuce ga abinci, ga ruwan wanka ba. Ta zazzage akwati guda da ta riga ta ɗaure, ta ware tukunya biyu da bargo da turmin ƙarfe ta ajiye gefe, ba ta ce na wane ne ba. Ta zaunar da shi a kicin tana koya masa miyar kuka, tana yi masa faɗa wai yana zuba ruwa kamar mai wankin mota. Bandar ya cika alkawari, ya karɓi kafalarsa. Yayanku ne ya kai mu filin jirgi, a farar motar da Bandar ya ba shi aro, yana tafiya a hankali har tasi suna yi masa ham.

Mun kai shekara a Katsina kafin ta tayar da maganar. Muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce,

“Da ka yi shiru ranar nan, da zan sani?”

“Da ba za ki sani ba.”

“To da na fi son haka.”

Ban yi mata gardama ba, kuma kada in ji ɗayanku ya ce ta yi kuskure. Ita ta haife shi. Rumfar kwano na yi ta, amma da yaran mutane, har baya ya hana. Yayanku ya yi aure ba mu je ba, 'ya'yansa in an ba su waya sai su ce “Jaddi, kef halak”, wato kaka yaya kake, su ruga. Wannan duk ni na saya da hannuna, na sani, kuma da za a mayar da ni warshar nan da bawul ɗin a tafina, abin da na yi shi zan sake yi.

Kuna gani duk Juma'a yana kira. Ya fara da Ummanku, ta yi masa faɗan rashin cin abinci, sannan a miƙo mini. Mu biyu ba mu iya hira ba, har yau. In mun gaisa sai a yi shiru, sai ya ce akwai wata mota da ta dame shi, bari ya kai wayar kusa da inji in ji. Na san ƙarya yake yi, yanzu shi ne mu'allim, mutane ke aiki a ƙarƙashinsa. Ni kuma ta wayar nan ba abin da nake ji sai gurnani da shuu. Amma sai in gyara zama in ce ban ji da kyau ba, ya ƙara taka totur.